Ranar da Bara'atu Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Shekara talatin da shida ke nan katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da na Yaya Bara'atu a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, kuma katangar ba ta kai ta hana ni jin tarinta ba. Ni ce Barakatu mai kunun gyaɗa, wadda duk layinmu aka sani da ɗaga murya. Ita kuwa waina take yi a cikin gida, kuma in ka ji ta ɗaga murya to mai ne ya fallatso mata a hannu. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Shekara biyar ta ba ni, shi ya sa nake ce mata Yaya.

A nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne fataucin goro ya kawo shi, ya zauna bai koma ba. Sau ɗaya ta taɓa zuwa Kano, biki, ta dawo tana ba ni labari tana dariya wai matan can suna ta taɓa juna suna cewa ga Bayarabiya ta zo. A nan kuma tun tana ɗaukar allo ake ce mata Gambari, sunan da Yarabawa ke kiranmu da shi in ba su ga damar kiranmu mutane ba. Duk wannan ba ya damunta, ta saba. Abu biyu ne kawai suka tsaya mata a rai, kuma na ji su daga bakinta ya fi sau ɗari.

Na farko, tana 'yar shekara tara aka aike ta ɗebo ruwa a famfon unguwar Mokola. Ta bi layi, ta cika bokitinta, ta ɗauka. Matar da ke bayanta ba ta zage ta ba, ba ta ko kalle ta ba. Soso da sabulu ta ciro daga cikin bahonta, ta wanke bakin famfon tas, sannan ta tara nata. Bara'atu ta ce ta tsaya da bokiti a ka tana duba hannunta, tana neman abin da ya shafa a jiki.

Na biyu bayan aurenta ne da marigayi Malam Mahmudu. Wata Bayarabiya mai tallan itace ta shigo da rana tsaka ta roƙi ruwa, Bara'atu ta ba ta a moɗa. Matar na fita, surukarta, wadda muke ce wa Hajiya Babba, ta sa tsinke ta ɗaga moɗar ta wurga bayan gida. Bara'atu ta ce fuskar da Hajiya ta yi a lokacin ita ce sak fuskar matar famfo. Tun daga ranar ta gane abin ba na Yarabawa ba ne, ba na Hausawa ba ne, kowa yana da wanda yake wanke famfo a bayansa.

Da wata macen ce, da ta tsaya a jin haushi. Ita sai ta tsiro da farantin Juma'a. Sadakar Juma'a kowane gida yana yi, a ba yara ɗan abin da ya samu kowa ya kama gabansa. Yaran Yarabawa ma suna zuwa, sara suke ce mata. Bara'atu ta ce ita ba ta raba wa kowa a hannu. Babban faranti take cikawa da waina, ta zuba miya, ta ajiye a tsakar gida. Wanda zai ci sai ya wanke hannu a kwano ɗaya da kowa, kuma ba a zama kusa da ɗan gidanku. Sai ka ga ɗan Iya Rasaki mai gawayi a gefen ɗan limami, 'yar Banufe a gefen 'yar Buzu mai gadi. Kafin a sa hannu kullum tambaya ɗaya take yi musu.

"Wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi, ya ɗaga hannu in gani."

Ba mai ɗagawa, sai wani ɗan iska lokaci-lokaci don a yi dariya.

"To tunda ba wanda ya zaɓa, ba wanda ya fi wani. Bismilla."

Ni na sha yi mata tsiya. Nakan ce, "Yaya, ke kaɗai za ki gyara Ibadan da waina?" Sai ta ce ba Ibadan ta ɗauko ba, layinmu kawai. Haka ta yi shekara da shekaru. Iyaye sun yi gunaguni, na Hausawa da na Yarabawa, amma waina ce mai daɗi kuma kyauta, yara ba sa hanuwa. Yau akwai direbobi da teloli da ma'aikatan asibiti a garin nan da in suka gan ta sai sun durƙusa, duk a farantin nan suka girma. 'Ya'yanta biyu na baya, Talha da Najiba, su ma a nan suka ci, kuma ba ka taɓa jin sun kira wani da sunan ƙabilarsa.

Yaro ɗaya ne a duk layin bai taɓa zama a farantin ba, shi ne ɗanta na fari.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. To mu mutanen Sabo mun fi na Arewa riƙe ta, don kullum a tsorace muke kada a ce zaman cikin Yarabawa ya lalata mu. Abin da aka sassauta a Kano tuntuni, mu nan muna riƙe da shi gam. Bara'atu ba ta taɓa faɗin sunan Sharfuddeen ba. "Wancan" take ce masa, ko "ɗan Hajiya". Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin Hajiya Babba, can ƙarshen tsakar gidan, a can yake kwana, a can yake ci. In ya shigo inda take sai ta kau da kai ta kama wani aiki. Ranar Juma'a kuwa, ta yaya za ta zaunar da shi a gabanta, ta yi masa tambaya, ta kalle shi yana ci, a gaban mutane? Sai ta zuba nasa a ɗan kwano da murfi, ta ce, "A kai wa wancan." Mu duka yaba mata muke yi. Ni da bakina na sha cewa ba a yi mace mai alkunya kamar Yaya Bara'atu ba. Ina tuna wannan yabon yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Ba wai ba ta son shi ba. Da ya yi ƙyanda yana ɗan shekara huɗu, ni nake leƙa ɗakin Hajiya in dawo in gaya mata yadda jikin yake, ita kuwa tana tsaye a bakin murhu tana kuka tana cewa hayaƙi ne. Amma shi bai gani ba. Abin da ya gani Hajiya Babba ce, da moɗarta ta daban, da karatun da take yi masa kullum na su wane ne mutanen kirki su wane ne tarkace. Ya girma yaro mai ladabi, ba shan komai, ba faɗa. Ya buɗe shagon waya a Mokola, ya yi aure, ya haifi Sumayya. Da Hajiya ta rasu, Malam Mahmudu ya bi ta bayan shekara uku, sai Sharfuddeen ya zama shi ne maigida.

Shekara tara da suka wuce wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidan da mace a bayansa da ƙullin kaya ɗaya. Sunansa Dabo, matar Amariya. Daga wani ƙauye suke a Zamfara wanda 'yan bindiga suka tashe shi, ba kowa a cikinsa yanzu. Lokacin Malam yana raye, Bara'atu ta roƙe shi ya ba su ɗakin da ke jikin zaure. Dabo ya kama dako a kasuwar Bodija, yana sauke buhunan albasa daga mota. Amariya takan taya Bara'atu niƙan shinkafa. A ɗakin nan ta haifi Lami, wata biyu tsakaninta da Sumayya. Yaran biyu tare suka yi rarrafe, kuma Lami ta fi iya Yarabanci a kan Hausa.

Bara waccan aka yi rikici a wata kasuwa can wajen gari. An ce daga gardamar ɗan dako da wani mai shago ta fara. Kafin yamma an ƙone rumfuna, an rasa rayuka, mata da yara sun cika Sabo da kaya a ka. Bayan ƙura ta lafa sai samarin Yarabawa suka fara tare hanya. In sun ga mai kama da mu a kan okada, wato acaɓa, sai su sauke shi su ce wa ya san ka, a ina kake kwana. An doki waɗansu. An rubuta magana mara daɗi a ƙofar shagon Sharfuddeen da fenti.

Tsoro ya kama mu, ba zan ɓoye ba. Kuma maimakon tsoron ya haɗa mu, sai ya sa muka fara duban na ƙasa da mu. Masu gidajen layinmu suka zauna suka kafa kwamiti. Suka ce mu da aka haifa a nan ba mu taɓa samun matsala da masu gari ba, 'yan cirani ne ke jawo mana. Za a yi kati mai hoto ga duk ɗan asalin layin, in an tare shi ya nuna. Baƙon da bai kai shekara goma ba kuwa ya tashi kafin ƙarshen wata, sai fa in maigidansa ya sa hannu cewa ɗan gida ne, duk abin da ya yi a wuyansa. Sharfuddeen aka naɗa magatakarda, don shi ya iya boko. Ni ma na yi katin. Har mayafin Salla na sa don hoton ya yi kyau, Allah ya yafe mini.

Kalma ɗaya ta isa ta bar su Dabo a ɗakinsu, sa hannun maigida. Maigidan kuwa ɗan Bara'atu ne, a gida ɗaya suke kwana. Amma ba ta iya yi masa magana, sai ta aiko ni, kamar yadda ta saba aiko ni wurinsa tun yana yaro.

Na same shi a shago. Na ce, "Uwarka ta ce ka sa wa Dabo hannu."

Ya ba ni kujera, ya saya mini lemo, don yaron yana da ladabi. Sannan ya ce, "Inna Barakatu, abeg, ku bar maganar nan. Ni na rubuta dokar da hannuna. In na fara karya ta a gidanmu, wa zai bi?"

"Shekara bakwai yana gidanku. Ya taɓa ɗaukar muku ko tsinke?"

"Bai taɓa ba. Amma gobe in wani ya taka shi a Bodija ya rama fa? Ba Zamfara za a je nemansa ba, gidanmu za a zo. Kin ga abin da suka rubuta mini a ƙofa, abi ba ki gani ba? Ina da yarinya, Inna. Waɗannan mutanen ba irinmu ba ne, ba su san yadda ake zama da masu gari ba."

Na zage shi iya zagi, ya sunkuyar da kai yana cewa in yi haƙuri. Sau uku ina komawa, amsar ɗaya ce.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, bayan La'asar, 'yan kwamiti suna zaune a benci a ƙofar gidan da takardunsu. Ina tsakar gida tare da Bara'atu, Amariya kuma tana ɗaki tana ɗaure kaya, muna jin ƙarar kwanuka. Sai na ga Bara'atu ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zani, ta ja mayafi. Ta bi ta zaure ta tsaya daga ciki, bayan labule. Na bi ta don ban gane abin da za ta yi ba.

Ta ce, "Sharfuddeen."

Sunan bai fito daidai ba, kamar mai koyon magana. Hirar benci ta tsaya cak. Dattawan da ke wurin sun san ta tun tana amarya, sun san abin da suka ji. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka ba da wuri.

Ya shigo zauren. Bai durƙusa ba, kuma ban taɓa ganin ya tsaya a tsaye a gabanta ba sai ranar.

Ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka sa wa bawan Allahn nan hannu. Ba shi da inda za shi. Ba shi ya zaɓi garin da aka haife shi ba, kai ma ba kai ka zaɓi naka ba."

Ya dube ta. Sannan ya ce:

"Shekara talatin da huɗu ina so in ji yadda sunan nan zai fito daga bakinki. Ina yaro har mafarkinsa nake yi. Ashe sai a kan ɗan dako za ki faɗe shi."

"Kunya ce," in ji ta. "Ka san kunya ce."

"Na sani, Mama. Maganar nan da kika yi yanzu ma na san ta. Ta tagar ɗakin Hajiya nake jin ta duk Juma'a. Ɗan mai gawayi kin zaunar da shi, 'yar mai gadi kin zaunar da ita, kin shafa musu kai. Ni kuwa a kai wa wancan. Kowa ɗaya ne a wurinki, ban da ni."

"Haka aka ce a yi. Da na yi daban da an zage ni a unguwa."

"To ni ma haka aka ce a yi. Kin bi taku don kada a zage ki. Ni zan bi tamu don kada a ƙone mu."

Ya ɗaga labule ya fita. Na so in ce ƙarya yake yi, amma ni ce nake ɗaukar ɗan kwanon nan mai murfi in kai masa.

Ni na raka su Dabo tashar motar Ojoo a keke, don Bara'atu ba ta fita. Motar da ta kawo albasa za ta koma Arewa ba kaya, direban ya yarda su hau baya. Na tambayi Dabo ina za su sauka. Ya ce, "Inda motar ta tsaya, Hajiya." Bai zagi kowa ba, har cewa ya yi in gaishe da maigida in ce ya gode da zaman da aka yi. Da ma ya yi zagin, da na fi samun sauƙi. Lami tana ta tambayar uwarta da Yarabanci ko za su dawo kafin a koma makaranta, Amariya kuwa ba ta jin Yarabanci sosai, ta ce mata ta yi shiru. Sau biyu suka kira a waya, na biyun daga wajen Gusau. Daga nan lambar ta daina shiga.

Mutane suna cewa a koya wa yara, su ne za su gyara gobe. Ni ma da haka nake cewa, ko da ina yi wa Yaya tsiya. Yanzu ban yarda ba. A cikin 'yan kwamitin nan da masu raba katin akwai samari biyar da na san sun ci a farantinta, ba ɗaya da ya buɗe baki. A cikin masu tare hanya ma an ce an ga ɗaya. Suna son ta, har gobe suna durƙusa mata. Amma da tsoro ya zo, kowa ya koma bayan nasa, wanda ba shi da kowa kuma aka tura shi mota. Uwa da ɗa suna nan a gida ɗaya. Yana gaishe ta da safe daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon tanda, kuma ba ta sake faɗin sunan ba.

Ran Asabar da ta wuce da hantsi na shiga aron rariya, na tarar yara suna wasa a bakin zaure. Sumayya ta yayyanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, ta zana fuska a kan kowanne da biro. Ta tsaya a ƙofa da sanda, yara sun yi layi.

"Ina katinka?"

Mai kati ya nuna ya shige. Jikan Iya Rasaki ya zo, ba shi da shi. Wasu yara biyu na layin baya, 'ya'yan masu tura baro, su ma ba a ba su ba.

"Babu? Oya, Ojoo!"

Ojoo ɗin bakin kwata ne, can gefen hanya. Suka tafi suka tsuguna a wurin, ba gardama, don sun san dokar wasan.

Raina ya ɓaci, na yi kanta zan ƙwace sandar. Sai na ji an riƙe mini zani. Bara'atu ce, tana zaune a bakin murhu.

"Ƙyale su, Barakatu."

"Yaya, ba ki ga abin da take yi ba?"

"Na gani. Abin da na koya wa yara ba wanda ya taɓa tare su a hanya ya tambaye su. Wannan kuwa za a tambaye ta. Gara ta iya."

Sumayya ta ji muryarmu, ta rugo da gudu da kwali biyu a hannu, tana murna.

"Kaka, ga naki. Ke 'yar gida ce. Inna, ke ma ga naki."

Bara'atu ta goge mai a zani, ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Na gode, uwata." Ni ma na karɓi nawa. Yaran nan uku suna can a bakin kwata suna kallonmu, suna jira a ce musu mota ta tashi.